Rubutun Mako: Baƙon da Bai Taɓa Zuwa Kura Ba

A wannan makon za mu ɗan ajiye labarin soyayya da waƙa, mu duba wani rubutu da muka raina, wato rubutun bayanin yadda ake yin abu.

Masu haɗa wasannin bidiyo da fina-finan katun suna da manhajoji irin su Blender, inda suke tsara yadda haske zai faɗa a kan ruwa da yadda inuwa za ta kwanta a bango. A da, mutum ne kaɗai ke karanta littafin bayanin irin waɗannan manhajoji. Yanzu ƙirƙirarriyar basira ma tana karantawa, domin ana sa ta ta yi aikin da kanta. Shi ya sa masu sana'ar suka fara auna bayanansu da tambaya guda: idan aka bai wa na'ura wannan rubutu kaɗai, ba mai tsaya mata a kai, za ta yi aikin daidai? A 2024 wani masani, Jeremy Howard, har ya kawo shawarar a riƙa tanadar wa na'ura bayani na musamman, gajere, mara kwana-kwana.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada. To mu ɗauki wannan tambaya mu kai ta Kura da Bunkure.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana har bakin gona, ƙarƙashin kulawar hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are. Shekara hamsin ke nan manoman Kura da Bunkure da Garun Malam suna noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Sun san yadda ake cika lanƙwasasshen tiyo da ruwa, a toshe bakinsa da tafin hannu, a tsallakar da shi gefen kanal ya riƙa zuƙo ruwa ba tare da inji ba. Sun san yadda kacalla ke toshe hanyar ruwa, da halin da mai gonar ƙarshen layi ke shiga idan na gaba sun riga shi sha. Nawa daga cikin wannan sani ke rubuce da Hausa? Kusan duka a baki yake.

Ga inda abin ya shafe mu. Ɗan manomi a yau yana da waya a hannu. Idan ganyen tumatir ya fara ƙonewa, zai iya tambayar ƙirƙirarriyar basira kafin ya nemi malamin gona. Ita kuwa abin da aka rubuta ta sani. Idan ba ta samu namu ba, da na Indiya ko Amurka za ta amsa, cikin gadara kamar a Kadawa aka haife ta. Mun tuna 2016, lokacin da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, har sabuwar masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin kaya. A irin wannan rana, bayanin da bai dace ba asarar jarin shekara ne.

Ra'ayinmu shi ne, na'ura ita ce baƙon da ya fi kowa baƙunta, don haka ita ce ma'aunin da zai tona asirin rubutunmu. Ku duba wannan jimla da kowannenmu zai iya rubutawa: "Bayan kwana biyu sai a ba shi ruwa kaɗan, a watsa taki kwano ɗaya." Mutumin Kura zai gane, domin ya riga ya sani. Baƙo fa? "Kwana biyu" a bakin Bahaushe yana iya zama mako uku. "Kaɗan" ba awo ba ne. Wane taki, yuriya ko NPK? Kwano ɗaya a fangali nawa, ko kuwa a eka? Wane ne "shi", irin da ke gandu ko dashen da ya kama? Jimla ɗaya, ramuka biyar.

Saboda haka muna ba da shawarar abu uku. Na farko, suna ɗaya ga abu ɗaya. Idan ka ce kanal a sama, kada ka koma magudana a ƙasa don ƙawata zance. Na biyu, mataki bayan mataki, da awo da lokaci a lambobi. Na uku, wanda aka fi mantawa, a faɗi alamar kuskure: idan ruwan tiyo ya yanke, iska ce ta shiga, sai a sake cikawa.

Mun san za a ce mu marubutan adabi ne, ba malaman gona ba. Gaskiya ne, shi ya sa ba za mu rubuta awon maganin feshi da ka ba, sai mun tabbatar daga masana. Amma a shekarun 1950 hukumar NORLA a Zariya ta buga ƙananan littattafan koyar da sana'a da tsafta tare da na labarai, kuma ba wanda ya ce adabi ya ragu. Wanda ya iya bayyana yadda ruwa ke haye gefen kanal, ba zai kasa bayyana yadda jarumarsa ta fita daga ɗaki ba.

Wasu kuma za su ce me zai sa mu yi wa kamfanonin waje aikin banza. Damuwa ce mai tushe. Sai dai shirunmu ba zai hana na'urar amsa wa yaranmu ba. Kuma rubutun da na'ura ta gane, sabuwar amarya mai koyon turara shinkafa a Kura ma za ta gane.

Aikin wannan mako: kowa ya sami mai sana'a ɗaya, ya rubuta aiki guda cikin kalmomi 200. Ka bai wa wanda bai san sana'ar ba ya karanta, ka yi shiru. Duk inda ya ɗago kai ya ce "wanne?" ko "nawa?", nan gyaranka yake. Mu ga abin da kuka samo kafin Juma'a. Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka.