Idan Kare Mai Ciwon Suga Ya Ƙi Abincin Da Likita Ya Rubuta

Yau maganarmu a kan mai gadin da ba ya karɓar albashi ce, wato karen gida. Da yawa ba su san shi ma yana kamuwa da ciwon suga ba. Za ki ga yana yawan shan ruwa da fitsari, yana ramewa duk da yana ci, daga baya yana ta rufe masa ido. Ya fi kama wanda ya manyanta, musamman karyar da ba a cire wa mahaifa ba.

Maganinsa allurar insulin ce, yawanci sau 2 a rana, awa 12 tsakani, kowacce tare da abinci. A jikin karnuka ma Banting da Best suka fara gwada ta a Toronto a 1921. Ƙwayoyin suga na mutane ba maganinsa ba ne, kada a ba shi na maigida.

Matsalar tana farawa ne ranar da likitan dabbobi ya ce a sauya masa abinci. Karen da ya saba da ƙanzo, sauran tuwo da ƙashin miya zai shinshina sabon kwano ya juya baya. Sau da yawa ba abincin ne da laifi ba. Auta ya jefa masa biskit, mai aiki ta juye masa sauran shinkafa, maigida ya miƙa masa kitsen tsire. Wanda ya ƙoshi a bayan kicin me zai yi da abincin likita? Don haka ki fara da mutanen gida: hannu ɗaya ne zai riƙa ba shi abinci, ma'auni ɗaya, lokaci ɗaya.

Kada ki sauya masa rana guda. Ki haɗa kashi 1 na sabo da kashi 3 na tsohon, bayan kwana biyu ko uku ki yi rabi da rabi, a haka har kwana 7 zuwa 10. Ki ɗan ɗumama abincin ko ki zuba ruwan ɗumi don ƙamshi ya tashi. Romon kaza da aka kwashe maiƙonsa yana taimakawa, amma ban da gishiri, albasa da tafarnuwa, domin biyun ƙarshe suna lalata jinin kare. Ki ajiye kwanon inda yara ba sa hayaniya, bayan minti 20 ki ɗauke.

Ga wurin da rai yake: kada a yi masa cikakkiyar allura alhali bai ci ba. Suga zai iya faɗuwa har ya halaka shi. Tun yau ki tambayi likita nawa za a yi idan ya ci rabi, nawa idan bai taɓa ba, ki rubuta ki manna a jikin firij. In kika ga yana rawar jiki, tangaɗi ko ya sheme, ki shafa masa zuma a dasashi, kada ki ɗura masa, ku garzaya asibitin dabbobi. Haka nan idan ƙin cin ya zo da amai da kasala, wannan ba taurin kai ba ne, ciwon ne ya tsananta.

Idan kwanaki suka wuce yana ƙi, ko abincin leda ya fi ƙarfin aljihu, ki gaya wa likita gaskiya. Zai iya tsara miki na gida, ya daidaita allura da shi. Abincin da kare zai cinye kullum a kan lokaci ya fi mai tsadar da zai bari a kwano.

Wace dabara ta yi aiki a gidanki? Ki faɗa mana a ƙasa, wata ta amfana.