Mai Ciwon Ƙoda Da Kanwar Cikin Masa

A zagayen da muke yi ƙauyuka, sau da yawa mukan tarar da mai ciwon ƙoda wanda likita ya hana shi cin gishiri da yawa. Uwargida ta rage gishiri a miya, hankalinta ya kwanta. Amma da safe sai ta kawo masa masa ko ɗanwake da aka zuba wa kanwa. A ganinmu, gargaɗin da ya tsaya kan maras lafiya bai isa ba. Mai dafa abinci ita ce ya kamata a koya wa.

Ga dalili. Abin da ke yin lahani cikin gishiri shi ne sinadarin sodiyam. Idan ƙoda ta raunana ba ta iya fitar da shi sosai, sai ruwa ya taru a jiki, ƙafafu su kumbura, jini ya hau. To, kanwa cike take da sodiyam, haka ma bakin soda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sodiyam ɗin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 2. Ƙaramin cokali ɗaya na bakin soda ya ɗauke fiye da rabin wannan.

Bakin hoda da ake sa wa fanke da cincin tana da sodiyam, yawancinta kuma tana da fosfet. Kusan dukan wannan fosfet yakan shiga jini. In ya taru, ƙasusuwa su yi rauni, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Ruwan toka ma ba mafita ba ne, gama yana da fotasiyam mai yawa, wanda kan rikita bugun zuciyar mai ciwon ƙoda.

Me za a yi ke nan? Yisti ba shi da sodiyam mai yawa, aikinsa kawai yana bukatar lokaci. A dama ƙullun masa ko funkaso da yisti, a rufe, a ajiye wuri mai ɗumi har ya tashi. Tun da ana sa kanwa ne don a kashe tsami, sai a ɗebi rabon maras lafiya kafin a zuba ta, a soya masa da wuri tun ƙullun bai yi tsami ba. Ta haka zai ci tare da iyalinsa, ba a ware shi ba.

Wani zai ce ai likita kan ba masu ciwon ƙoda ƙwayar soda. Gaskiya ne, amma sai ya gwada jini ya auna adadin. Kanwar kasuwa ba ta da ma'auni.

Saboda haka, 'yan'uwa, ranar zuwa asibiti a tafi da mai girkin gidan. Ta faɗa wa likita abin da take sa wa ƙullu da miya, ta ji amsa da kunnenta.