Hasashen amfanin gona a Dalijan na buƙatar linzami

A ce ɗalibin lissafi daga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda ke Kalgo, ya je Dalijan ya tattara bayanan gonakin gero 30, yana son hasashen buhu nawa kowace za ta bayar. Zai auna ruwan sama, taki, faɗin gona, 'yan ƙwadago da sauransu, sannan ya nemo layin da jimlar murabba'in kuskurensa ta fi ƙanƙanta, dabarar da Legendre ya wallafa a Faransa a 1805.

Sai dai manomin da ke da babbar gona shi ne mai sayen taki da yawa, shi ne mai ɗaukar 'yan ƙwadago. Lissafin kan kasa raba tasirinsu, har ya iya nuna wai taki na rage amfani. Ya haddace gonaki 30 ɗin tsaf, ta 31 kuwa sai ya yi ta kame-kame.

Maganin ya daɗe. A 1970 Hoerl da Kennard suka ƙara wa lissafin tara: duk ma'aunin da ya kumbura sai an ci shi, dole ya ragu. A 1996 Tibshirani ya kawo Lasso, mai iya mayar da marasa amfani sifili. Akan ɗan karkace da gangan, amma hasashen ya fi tsayawa.

A shirin bashin noma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, alƙaluma sun taka rawa wajen wa za a ba rance. Ya kamata duk mai gina irin wannan hasashe ya sa linzamin, ya kuma gwada shi a gonakin da bai taɓa gani ba, kafin a hana wani manomi taki da sunan kwamfuta.