A Koya Wa Yara Busa Sarewa

Sarewa tsohuwar aba ce ƙwarai. A shekarar 2008 masu bincike sun tono wata a cikin wani kogo a ƙasar Jamus, wadda aka yi da ƙashin fiffiken wata irin ungulu. Shekarunta sun fi 35,000. A ƙasarmu kuwa makiyaya ne suka riƙe ta. Da karan dawa ko gora su ke yin ta, galibi da ƙofofi huɗu. Amma yanzu masu busa ta sai raguwa su ke yi. A ganina ya kamata a koya wa yara ita a makaranta tun ba ta ɓace ba.

Waɗansu iyaye su kan ce busa aikin maroƙa ne. Amma makiyayin da ke busa a bakin rafi, wa ya ke roƙo? Kuma sarewa ba ta cin kuɗi. Bayan girbi kara ba ya wuya.

To, yaya za a koya? Kada malam ya fara da waƙa. Ya fara da numfashi, domin sarewa ba ta yin kuka sai iska ta bugi gefen bakinta daidai. Yaro ya gwada hura bakin kwalba tukuna. In kwalba ta amsa, sai ya ɗauki sarewa, ya riƙe murya ɗaya har ta fita sarai. Bayan haka ya shiga toshe ƙofofi ɗai ɗai, da tsokar yatsa, ba da farce ba. In ya toshe duka, murya ta kan yi kauri. In ya buɗe, ta yi siririya. Haka maganarmu ta ke, tana hawa tana sauka, saboda haka waƙar da yaro ya riga ya sani ita ce ta fi saurin kamuwa.

Minti 10 ya isa a rana, gama mai koyo ya kan hura da ƙarfi har jiri ya kama shi. Kada a yi masa dariya ko tsawa. Yaron da aka kunyata ran farko ba ya sāke ɗaukarta.

Ku yara, in akwai tsohon da ya iya a garinku, ku je ku gaishe shi, ku roƙe shi ya nuna muku. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.