Sharhi: Mamayar jelifish, alamar tekun da aka kwashe wa kifi

A watan Agustan 2025 kamfanin lantarki na Faransa, EDF, ya sanar da cewa injina huɗu na tashar nukiliyar Gravelines sun tsaya cik, bayan da tarin jelifish ya toshe matatun ruwan tekun da ake sanyaya su da shi. Jelifish halittar teku ce mai siffar laima, ba ƙashi ba ƙwaƙwalwa, kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Ta taɓa tsayar da tashar Torness ta Birtaniya a 2011, da ta Oskarshamn a Suwidin a 2013.

Injiniyoyi sun share matatun, aiki ya ci gaba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Ɗumamar teku na tsawaita lokacin hayayyafarta, ginshiƙan tashoshin jiragen ruwa na ba ƙananan 'ya'yanta wurin maƙalewa, sannan tana jure ƙarancin iskar shaƙa a ruwan da kifi ke gudu daga cikinsa.

Babban darasin yana gabar tekun Namibiya. A ƙarshen shekarun 1960 an kai ga kama fiye da tan miliyan ɗaya na kifin sadin a shekara guda, kafin kifin ya yi ƙaranci a shekarun 1970. Sadin da jelifish abinci ɗaya suke ci, wato ƙananan halittun da ke yawo a ruwa. Da aka kwashe kifin, sai fili ya zama na jelifish, wadda kuma ke cinye ƙwan kifi da 'ya'yansa. Wani binciken da aka wallafa a 2006 ya ƙiyasta nauyin jelifish a yankin da tan miliyan 12.2, na kifi kuwa tan miliyan 3.6. Sai a 2018 gwamnatin ƙasar ta dakatar da kamun sadin.

Masana sun rabu kan ko jelifish na ƙaruwa a duniya baki ɗaya, domin yawanta kan hau ya sauka. Amma abin da ya faru a Namibiya ya nuna cewa idan ta samu gindin zama, kifi ba ya saurin dawowa. Tashar lantarki kan farfaɗo cikin kwanaki, masunta kuwa kan shafe shekaru suna jira. Saboda haka ƙayyade kamun kifi tun da sauran kifin a ruwa ya fi sauƙi, ya kuma fi araha.