RANA TAMU, KASUWA TA WASU

Jama'a talakawa, musamman ku masu kasa kaya a kasuwar Jega, in azumi ya kama ku dubi tiren mai dabino. Wannan na Aljeriya ne, wancan na Saudiyya, wancan kuma ya biyo ta Agadas. Mai tsadar ma a kwali yake, an tsince an jera. To, ku juyo ku dubi namu. Ku bi hanyar Maiyama da rani, ku ga kauɗa da barkono a shanye a bakin titi, mota ta wuce ta bule su da ƙura, akuya ta bi ta taka. Shin wane Bature ko Balarabe ne zai ba da kuɗinsa ya sayi rairayi?

Kada wani mai babbar riga ya ce laifin manomi ne. Mutumin Aliero ya san aikinsa, albasarsa har Ikko take kai wa. Amma in kaka ta yi kowa ya kwaso, buhu ya faɗi warwas, wadda aka ɓoye a rudu kuma tana ruɓewa mai ita yana kallo. Masar da Indiya fa? Yanka tasu suke yi, inji ya busar, su sayar wa Turai ta shekara ba ta lalace ba. Mu gabu kurum muka tsaya a kai, sai ka ce ranarsu ta fi tamu zafi. Assha!

An riga an yi mana kashedi. A 2015 Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda maganin ƙwari da ya yi yawa a ciki. Maimakon a gyara shanya da ajiya, sai a Agustan 2019 aka garƙame kan iyaka har Disamban 2020. Wa ya ji jiki in ba ɗan tireda ba?

Tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, tsakiyar gonakin albasa. A ba malamanta kuɗi su ƙera mashanya mai aiki da rana. A yi dandamalin siminti da rumfa a Jega da Maiyama, da ma'aikacin da zai auna tsabtar kaya ya buga hatimi. Harajin da ake karɓa a bakin kasuwa kowane mako, ina yake shiga?

Duk ɗan takarar da ya zo muku da atamfa da sabulu, ku kama hannunsa ku kai shi bakin titin nan, ya ɗebi kauɗa ya tauna a gabanku.