An Tashi Daga Dina, Shinkafa Ta Tafi Bola

Duk mai bin unguwannin masu hali a Kano, Kaduna ko Abuja da daren Juma'a ko Asabar ya san yadda ƙofar ɗakin taron biki take. Motoci sun toshe titi, ƙartai sanye da baƙaƙen kaya sun tsaya suna duba kati, kiɗa na tashi daga ciki. Abin da ba kowa ke gani ba shi ne ƙofar baya, idan dare ya raba ma'aikata suka fara kwashe faranti. Cinyar kaza an gatsa sau ɗaya an ajiye. Soyayyar shinkafa an tona da cokali an ture. Farfesu ya sandare, lemon kwalba an kurɓa an bari. Sai a juye su gaba ɗaya a baƙar leda, a ƙulle, a kai bola. Wannan ɗabi'a ce ta hana marubucin nan sukuni, kuma ba ya jin akwai uzurin da zai wanke ta.

A wace ƙasa ake wannan? A ƙasar da tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, magidanci bai sake sanin farashin kwanon masara na gobe ba. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Buhun shinkafa ya haura naira 70,000 a shekarar, daidai da mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta amince da shi a watan Yuli. Ma'aikaci ya yi wata guda yana aiki, abin da ya samu buhu ɗaya ne, babu mai, babu magi, babu kuɗin mota.

A farkon shekarar ne aka riƙa ba da labarin mutane a Kano sun koma sayen afafata, ragowar shinkafar da a da masu casa ke zubarwa ko su sayar wa masu kiwon kifi. A watan Maris, cikin azumi, mata da yara suka rasu a turmutsutsun karɓar zakka a Bauchi. A watan Agusta matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita a Kano da wasu jihohin. Duk wannan bai sa an rage ko tukunya ɗaya a wajen dina ba. Garin da ke da Dawanau, kasuwar hatsin da ake yi wa kirari da mafi girma a Afirka ta Yamma, shi ne garin da wani ke tsintar tsakuwa a afafata yayin da wani ke biyan kuɗi a kwashe masa dafaffiyar shinkafa zuwa juji.

Babu wanda zai ce bai san hukuncin ba. Yaron da ke aji uku a Islamiyya ya san Alƙur'ani ya halatta ci da sha ya kuma hana almubazzaranci, ya san an danganta masu ɓarnar dukiya da 'yan uwantaka da shaiɗanu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta. Manzon Allah (SAW) ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu, attajirin sahabbai, ya yi walima ko da akuya ɗaya ce, kuma walimarsa shi kansa da Nana Safiyya a hanyar dawowa daga Khaibar dabino ce da man shanu da busasshen nono. An san wannan sarai. Ana ma karanta shi a wajen ɗaurin aure da safe, a take shi da dare.

Amma abin da ya fi ci wa marubucin nan tuwo a ƙwarya shi ne katin shiga. Wanda ya ƙirƙiro shi a bikin Bahaushe ya yi wa zumunci illa babba. Kati ɗaya mutum ɗaya, in ji su, kuma ba a zuwa da yara. To su wa ake ba katin? Ƙawayen amarya da suka sayi anko, abokan ango na ofis, matan manya da za su yi liƙi, da wasu da ba su san sunan mahaifin amarya ba amma suna da mabiya a Instagram. Su wa ake hanawa? Gwaggon da ta goya amarya tana jaririya, wadda ta taso tun daga ƙauye da 'yar ƙullin daddawa da kuka a matsayin gudummawa. Maƙwabciyar da ta yi shekara ashirin tana ara wa gidan turmi da taɓarya. Kawun da ba shi da babbar riga mai aiki. Sai a ce musu ai dina ta yara ce, su huta a gida za a aiko musu. Ba a aikowa. Idan kuwa tsautsayi ya sa ɗaya daga cikinsu ta je, wani ƙato da bai san ta ba, wanda aka ɗauko haya na dare ɗaya, shi zai sa hannu ya tare ta a gaban jama'a ya ce Hajiya ina katinki. Tsohuwa ta juya tana gyara mayafi, ta nemi ɗan sahu, ta koma. Wannan wulaƙancin ba ya goguwa. Shekaru za su wuce ana gaisawa sama-sama, yara su taso ba su san dalilin da ya sa gidan Gwaggo ya yi musu nisa ba.

Kuma katin nan shi ne uban ɓarnar. An yi kwangilar abincin mutum ɗari biyar, an kirawo mutanen da suka ƙoshi tun daga gida, masu kaffa-kaffa da maiƙo saboda hawan jini da ciwon suga, 'yan mata kuma ba za su ci ba kada jan baki ya goge. Waɗanda za su cinye su yi godiya su sa albarka an bar su a waje. Almajirai na tsaye a bakin titi da robobinsu, masu gadin motoci na hamma, direbobin da suka kawo manyan baƙi suna zaune a mota tun magariba babu wanda ya tuna da su. Ba a taɓa jin an zubar da abincin sadakar uku ko na suna a cikin unguwa ba, saboda can ƙofa a buɗe take.

Da ba haka ake ba, kuma ba zamanin Bawa Jan Gwarzo ake nufi ba. Waɗanda suka haura arba'in sun tashi sun ga ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci a fito da kwanonsa ƙofar gida ko zaure, a haɗa, a zauna a tabarma. Mai tuwon shinkafa da miyar taushe da mai tuwon dawa da miyar kuka hannunsu a kwano ɗaya, wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranar ya ci ya ƙoshi babu wanda ya gane. A cikin gida kuma yara ne ke zirga-zirga da kwanuka, wannan na gidan Malam, wannan na mai jego, wannan na tsohuwar da 'ya'yanta suka yi nisa. Kwano ba ya dawowa wayam. Wasiyyar da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Abu Zarri ce, cewa idan ya yi miya ya ƙara ruwa ya tuna da maƙwabta, mutane suka mayar da ita al'ada ba tare da wa'azi ba. Yanzu an ja katanga, an sa waya mai lantarki a kai, maƙwabci sai ya ga rumfa a ƙofar gida yake sanin an yi rasuwa.

Ga kuma gara, wadda ita ma ta zama bala'i. Uban amarya ya gama da kayan ɗaki, ya gama da dina, sai a ce saura buhunan shinkafa, katan-katan na taliya, jarkokin mai, alkaki, nakiya da dubulan, kuma dangin ango za su zauna su ƙirga. Mutum ya sayar da fili ko ya ci bashin da zai shekara biyu yana biya. Wata uku bayan biki, ango da amaryar da aka kashe miliyoyi a darensu ɗaya suna rigima a kan kuɗin cefane, ita ta ce bai isa ba, shi ya ce ba ta iya tattali ba, magana ta kai gaban iyaye, wani lokaci har gaban alƙali. Kuɗin furanni da fitilun daren nan kaɗai da sun riƙe musu tukunya wata shida.

Kada a manta da masu ɗaukar hoton abinci su ɗora a WhatsApp. Mace ta jera kaji da sinasir da dambun nama ta ɗauka ta watsa, alhali cikin masu kallo akwai 'yar uwarta uwa ɗaya uba ɗaya da ta kwana tana lallashin yara da ruwan zafi a tukunya. Iyayenmu ko tsire suka sayo sai sun ɓoye shi a cikin riga saboda idon yaran maƙwabta.

Za a ce kuɗinsa ne, ya yi yadda ya so. Ba haka addinin da yake bi ya ce ba, domin za a tambaye shi ta ina ya samu, a ina kuma ya kashe. Ba wanda ya hana shi murnar aurar da 'yarsa, ba wanda ya ce ya ciyar da baƙinsa gaya babu miya. Abin da ake nema kaɗan ne. Mai biki ya sa a cikin yarjejeniyarsa da masu girki cewa duk abin da ba a taɓa ba za a zuba a robobi kafin a tashi, a kai wa masu jinya da ke kwana a barandar asibiti, a kai tsangayar unguwa, a miƙa wa direbobi da masu gadi. Masu ɗakunan taro su daina karɓar biki sai da wannan sharaɗi. Limaman da ke ɗaura aure kuma, waɗanda ba sa jin nauyin tambayar waliyyi ko an biya sadaki, su ƙara da tambayarsa a gaban jama'a mutum nawa ya gayyata daren nan, kuma ko 'yan uwan mahaifinsa na cikinsu.